Yadda ƙugiyar harafi ke ɓacewa tsakanin wayarka da shagon buga allo a Yagwa

Ranar Alhamis da la'asar muka je karɓo kyallen sanarwar walimar saukar karatu ta islamiyyar unguwarmu, nan cikin Yagwa. Walimar ranar Asabar ce. Iyayen yara ne suka haɗa kuɗin, wannan ya ba da ɗari biyar na sefa, wancan ya ba da jaka guda, ni kuma aka ɗora mini tsara rubutun tunda ni ne malamin boko a kwamitin. Na tsara shi a wayata cikin harshe uku: bisimilla da Larabci a sama, sai Hausa, sai Faransanci a ƙasa. A waya kome ya fito tsaf. Na tura wa mai shago, shi kuma ya tura Marwa inda babban injin bugawa yake, aka aiko da shi a motar haya.

Da aka warware kyallen sai jikina ya yi sanyi. Faransancin lafiya lau, har da 'yan alamominsa na kan harafi. Amma inda na rubuta “baƙinmu” sai ga “ba”, sai wani ɗan akwati fanko, sai “inmu”. Kalmar “ɗalibai” ma da akwati ta fara. Bisimillar kuwa harufanta sun rarrabu, kowanne ya tsaya shi kaɗai, kuma sun taso daga hagu zuwa dama.

Na ce da yaron shagon, “Ɗan'uwa, me ya faru haka?”

Ya ce, “Malam, ai polis ne babu.”

Dattijon da muka je tare da shi ya ce, “Wane polis kuma? Mu da ba mu yi wa kowa laifi ba?”

Duk da ɓacin rai sai da muka yi dariya. A Faransancin masu buga takardu, “police” na nufin salon harufa, wato irin zanen da harufa ke sanye da shi a kwamfuta. 'Yan'uwanmu na Najeriya “fon” suke cewa. Abin da yaron ke nufi shi ne salon da na yi amfani da shi a wayata babu shi a kwamfutar da ta buɗe aikin. Tun daga ranar na shiga bin diddigin lamarin, na kuma gane cewa ba mu kaɗai abin ya taɓa cizo ba, kuma maganinsa bai kai kuɗin shayi da burodi ba.

Ƙugiya ba ado ba ce

Wani zai ce to mene ne abin damuwa, ai mai karatu zai gane. Wani lokaci yakan gane, wani lokaci kuwa maganar juyewa take yi. Baƙi daban, baki daban. Ƙura daban, kura daban. Fada gidan sarki ce, faɗa kuwa rigima. Ƙafa da kafa, ƙasa da kasa, ƙarya da karya: ƙugiyar nan ita kaɗai ce ta raba su a rubuce. Wanda ya sa aka rubuta masa “Maraba da baƙi” a ƙofar masauki, aka cire ƙugiyar, to bakin mutane yake wa maraba.

Kuma matsalar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Mu a Mayo-Danay 'yan tsiraru ne, amma Fulfulde, wanda shi ne harshen kasuwa a arewacin Kamaru, yana da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ. Masa, harshen mutanen Yagwa da Bongor ta tsallaken kogin Logon, shi ma ana rubuta shi da ɓ da ɗ da ŋ. Ashe duk mai shagon da ya iya fitar da waɗannan harufa, kusan duk garin ya yi wa aiki.

Harufan nan suna da asali. A shekarun 1930 ne Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a watan Janairun 1939 ta yaɗa su. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita rubutun Hausa da Fulfulde da Kanuri da wasu harsunan yankin. A nan gida kuma, a watan Maris na 1979 aka amince a Yawunde da abacadar bai-ɗaya ta harsunan Kamaru, wadda Maurice Tadadjeu da Etienne Sadembouo suka jagoranci tsarawa, kuma harufa masu ƙugiya na cikinta. Dokar ilimi ta 1998 ta sa bunƙasa harsunan gida cikin manufofin makaranta. To ina amfanin in koya wa yaro ɗ a aji, ya fito titi ya ga allon makarantarsa da akwati a gurbinta?

Inda harafin ke ɓata

Abin da ya kamata kowa ya fara sani shi ne kwamfuta ba ta ajiye surar harafi a cikin rubutu. Lamba take ajiyewa. Akwai wani babban kundi na duniya mai suna Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, da ya ba kowane harafi lambarsa. Ƙaramar ƙ lambarta U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253. Salon harufa kuwa kamar shagon tela ne: lamba ta zo, ya ɗauko mata rigar da aka ɗinka mata. In ba a ɗinka wa wannan lambar riga ba, sai a miƙo akwati fanko.

Masu sana'ar kwamfuta suna kiran akwatin nan “tofu”, wato awara, don ya yi kama da yankan awara. Daga nan ne ma kamfanin Google ya samo sunan salonsa Noto, ma'ana babu sauran awara.

Yawancin salon ado da ake so a allon shago, masu kauri da masu lanƙwashe-lanƙwashe, don harsunan yammacin Turai aka zana su. Shi ya sa é da è da ç na Faransanci ke fita, namu su maƙale. Akwai kuma wani tarko: a kundin Unicode ƙananan ɓ da ɗ suna wani rukuni na harufan masu nazarin furuci, manyansu Ɓ da Ɗ da kuma Ƙ da ƙ suna wani rukunin daban. Saboda haka ana iya samun salon da ke da wasu ya rasa wasu. Ganin Ƙ ta fito ba ya nuna ɗ za ta fito.

To me ya sa a waya kome ke fita daidai? Domin waya tana rufa wa salon asiri. In ta ga harafi babu, sai ta aro shi daga wani salon ba tare da ta gaya maka ba. Word ma yakan yi haka. Amma da fayil ya bar hannunka ya shiga kwamfutar shago, lambobin ne suka yi tafiya tare da sunan salon, shi salon kansa yana nan gida. Manhajar shago ta nemi sunan ta rasa, sai ta sa wani a madadinsa. CorelDRAW, wadda masu wannan sana'a da yawa ke aiki da ita, takan fito da saƙo ta ce ga salon da babu, ga wanda za ta musanya da shi. Mai aiki da layin mutane a bayansa yakan danna amincewa kawai ya wuce. Daga nan ɗayan uku ke faruwa: ko akwati, ko gurbi fanko, ko wata siririyar ƙ a tsakiyar harufa masu kauri, kamar baƙo a gidan biki. Wani lokaci ma layin kan ƙara tsawo, ƙarshen lambar waya ya fita daga allon.

Akwai wata cutar daban. In ka taɓa ganin “Æ™asa” a maimakon “ƙasa”, ko “É—aya” a maimakon “ɗaya”, wannan ba rashin salo ba ne. A tsarin UTF-8 da wayoyi da intanet ke amfani da shi, ƙ tana cin gurbi biyu na ma'ajiya. Tsohuwar manhaja da ba ta san tsarin ba sai ta karanta kowane gurbi a matsayin harafi guda, ta ba ka Æ da ™. Wasu tsofaffin manhajojin da ke zuwa tare da injin yanka leda haka suke.

Gadon shekarun 1990

Sai kuma rubutun da ke zuwa da baka-biyu da wasu alamomi: “}asa”, “]aya”, “za~e”, ko kuma “qasa”, “xaya”, “zave”. Duk mai karanta Hausa a intanet ya ci karo da su. Asalinsu wata dabara ce ta lokacin da kwamfutoci ba su san harufanmu ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro salon Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ba marubuta da maɗaba'u damar buga Hausa da ƙugiyarta. Aiki ne da ya ceci littattafai masu yawa. Hikimar irin waɗannan salo ita ce a ɗauki wani maɓalli da Hausa ba ta bukata, a zana masa surar ƙ ko ɗ. Muddin salon na cikin kwamfuta, ƙ kake gani. Da zarar ya ɓace, sai alamar asali ta bayyana.

Wannan ya shafe mu kai-tsaye, domin 'yan kasuwarmu da malamanmu suna karɓar fayil daga Kano ko Yola: takardar maganin gargajiya, sanarwar wa'azi, tambarin kaya. Mai shago a Yagwa ko Garwa da bai iya Hausa ba, in ya ga “}” zai ɗauka kuskuren bugu ne ya goge, ko ya buga shi yadda ya gan shi. A irin wannan hali sai dai a sake rubuta kalmomin da harufan Unicode, ko a nemi wanda ya aiko ya haɗo da salon.

Larabci da ajami: nan ne abin ya fi nauyi

Rubutun Larabci daga dama yake tafiya, kuma yawancin harufansa suna da sura har huɗu: a farkon kalma, a tsakiya, a ƙarshe, da in harafi ya tsaya shi kaɗai. Aikin manhaja ne ta zaɓi surar da ta dace ta kuma haɗa su. Manhajar da ba a gina ta da wannan ba sai ta jera harufan ɗaya-ɗaya daga hagu, kamar yadda ya faru da kyallenmu. Ko Illustrator, da duk girmanta, sai an kunna mata tsarin rubutun Gabas ta Tsakiya kafin ta yi daidai. Mai aikin da bai yi makarantar allo ba ba zai ga wani aibi ba, shi dai ya ga Larabci.

Mu da muka tashi da karatun Warshu muna da ƙarin bambanci. A rubutun allo, fa ɗigo ɗaya take da shi a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A bugun gabas, fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Ka ga harafi guda, dattijon da ya yi tsangaya zai karanta shi ƙaf, jikansa na islamiyya ya karanta shi fa. Unicode ya ba fa da ƙaf da nun irin namu lambobinsu a 2016, a 2020 kuma ya ƙara wasu harufan ajamin Hausa. Cibiyar SIL ta fitar da salo biyu kyauta don yankinmu: Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun hannu irin na Kano, da Harmattan. Amma dokar nan tana nan: in salon bai bi fayil zuwa shago ba, akwati za a gani.

Kuskure a nan ya wuce asarar kuɗi. Kowa ya san ƙarshen tsohon kyallen sanarwa a garin nan: a shanya shinkafa a kai, ko a rufe rumfa da shi, ko a yi wa awaki inuwa. Wanda ke ɗauke da sunan Allah ba a yi masa haka. Namu dai dattijon nan ne ya sa aka yanke layin saman, ya naɗe shi ya tafi da shi gida ya adana. Ni a ganina, in ba dole ba, gara a bar aya a cikin Mus'hafi, a rubuta sanarwa kawai a kan abin da rana da ruwa za su ci.

Wuƙar inji ba ta iya karatu ba

Ga allunan da ake yi da leda mai manni, akwai mataki na ƙarshe da ƙugiya ke iya salwanta. Injin yanka wata 'yar wuƙa ce da ke bin layin da kwamfuta ta zana mata. Ba ta san harafi ba, layi ta sani. In hoto ka turo, irin wanda aka ɗauka daga fuskar waya, to ɗige-ɗige ne ba layi ba, sai mai shago ya sa manhaja ta bi gefensa ta fitar da layi. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto kuwa matse shi ake yi, ya rasa kaifi. A wajen bin gefen nan, ƙaramar ƙugiya kan dunƙule ta koma kamar tabo.

Bayan yanka, yaron shago ne ke ɓare ledar da ba a so da tsinke. Ƙugiya siririya ce, takan tsinke ta bi shara. Ɗigon Larabci kuma kowanne ɗan guntu ne mai zaman kansa, in ba a ɗauke rubutun gaba ɗaya da takardar manni ba, sai ɗigo ya zauna a baya. Ba, ta, nun da ya a farkon kalma jikinsu ɗaya ne, ɗigo ne ke raba su. Ɗigo guda ya faɗi, kalma ta sauya.

Abin da mai kawo aiki zai yi

Babban magani shi ne a mayar da rubutu zane kafin ya bar hannun wanda ya tsara shi. Da zarar an yi haka, harafi ya daina zama lamba mai neman riga, ya zama layi tsayayye da kowace kwamfuta za ta gani iri ɗaya. A CorelDRAW ana zaɓar rubutun a danna Ctrl da Q, abin da na Faransanci ke kira “Convertir en courbes”. A Illustrator Ctrl da Shift da O ne. Inkscape, wadda kyauta ce, ita ma tana yi. Sai dai a kula: bayan an mayar ba a iya gyara kalma, don haka a ajiye kwafi biyu, ɗaya na gyara, ɗaya na bugawa.

Wanda a waya ya yi aikinsa, ya fitar da shi a PDF, ya tura a matsayin takarda ba hoto ba. PDF yakan ɗauki surar harufan a cikinsa. Idan mai shago zai buɗe, manhajar takan tambaye shi ko ya shigo da rubutun a matsayin rubutu ko a matsayin zane. Zane zai zaɓa. A haɗa kuma da hoton yadda aikin yake a wayarka, don ya sami abin kwatantawa.

Tun farko ma a zaɓi salon da ke da harufanmu. Noto Sans da Noto Serif suna da su. Andika, da SIL ta zana musamman don masu koyon karatu, da Charis da Gentium, duk suna da su, kuma lasisinsu ya yarda a raba su kyauta, saboda haka kana iya kai wa mai shago a filashi. Arial da Times New Roman na sababbin Windows suna da su, na zamanin XP ne babu. Gwajin minti guda ne: rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ Ŋ ŋ a cikin salon da kake so, a kwamfutar shagon ba a wayarka ba, ka duba ko duk sun fito da kauri ɗaya. Wajen bugawa kuma, madannin Gboard na waya yana da Hausa, manhajar Keyman kuma tana da madannin harsunan Kamaru da ya dace da tsarin AZERTY da muka saba da shi.

Na ƙarshe, kuma shi ne kuskurena: kada ka ce a buga sai ka gani. Ka nemi a fitar maka da samfuri a farar takarda daga kwamfutar da za ta aika wa inji, ko a ɗauko maka hoton fuskarta in aikin a Marwa ko Garwa yake. Ka karanta harafi-harafi. In da Larabci a ciki, ka kai wa malami ya duba. Sannan ka sa hannu.

Abin da ke kan mai shago

Masu shago ma da nasu. Saƙon da ke cewa salo babu, ba a danne shi a wuce. A tsaya a kira mai aiki. Zuba salo huɗu ko biyar na kyauta a kwamfutar shago aikin rabin sa'a ne, sau ɗaya tak. Yaran da ke ɓare leda a nuna musu cewa lanƙwasar kan ɗ da ƙ jikin harafi ce. Harafi mai ƙugiya kuma kada a yanka shi ƙanƙane ainun, a ba shi salo mai ɗan kauri. Sannan a yi magana tun kafin aiki: in mai kaya ya sa hannu a samfuri, kuskuren rubutu nasa ne, in abin da ya fito ya saɓa wa samfurin, na shago ne. Rashin wannan ƙa'ida shi ke kawo cacar baki a bakin kanta.

Mu ba mu yi wannan yarjejeniya ba, don haka raba asarar muka yi. Mai shagon ya yafe ladan aikinsa, ni na biya kuɗin kyalle na biyu daga aljihuna, don ban ga fuskar da zan koma wa iyayen yara da ita ba. Daren Alhamis ɗin muka zauna a gaban kwamfutarsa, muka zuba Noto da Andika, muka sake rubuta layin Hausa, muka mayar da kome zane. Layin Larabcin kuwa muka cire shi. Ranar Asabar da hantsi motar Marwa ta iso, ana shimfiɗa tabarmi muna ɗaure kyallen.

Makon jiya na bi ta shagon. A jikin bango, kusa da kwamfuta, ya manna wata 'yar takarda da harufa goma a jere, manya da ƙanana. Ya ce mini, “Malam, yanzu duk wanda ya kawo aikin Hausa ko Fulfulde, da waɗannan nake fara gwada polis ɗin.”